Ko Kun Sani? Ƙasar da Raƙuma Suka Zama Namun Daji

Ko kun san cewa garken raƙuman daji masu tozo ɗaya mafi girma a duniya yana Ostireliya ne, ƙasar da asalinta ba ta da raƙumi ko ɗaya? A shekarar 1840 aka fara sauke raƙumi a can. Daga baya aka yi ta shigo da dubbansu daga Indiya da Afganistan, tare da madugai Musulmi da suka ƙware wajen kiwonsu. Madugan ne suka riƙa kai abinci da kayan aiki cikin hamadar tsakiyar ƙasar, kuma su suka gina masallatai na farko a garuruwa irin su Marree. Da motoci da jirgin ƙasa suka karɓe aikin dako a shekarun 1920, sai aka saki raƙuman a daji. Ba su tarar da zaki ko kura ba, ga ciyawa da ƙaya wadatattu, ga juriyar ƙishirwa, don haka suka hayayyafa har suka kai ɗaruruwan dubbai. Duk da haka, ba a daina tafiya da raƙuma a hamadar ba: a 1977 wata matashiya mai suna Robyn Davidson ta ɗora kayanta a kan raƙuma huɗu, ta tashi daga garin Alice Springs da karenta, ta ratsa hamada a ƙafa kusan kilomita 2,700. Sai da ta kwashe wata tara kafin ta isa gaɓar Tekun Indiya.