Sokawen Gidanku Ne Ya Cika, Ko Ƙasa Ce Ta Ƙoshi?

Mai karatu, yaushe rabonka da ka zagaya bayan ɗakunan gidanku ka dubi simintin nan da ya rufe ramin ban-ɗaki? Ni dai ban taɓa kula shi ba, sai da na zo hutu gida Birnin Tudu a tsakiyar damina, na tarar kowa na alwala yana toshe hanci, Inna kuma ta kwashe murhunta ta koma can ƙuryar gida.

Abin a hankali ya fara. In an kora ruwa a masai sai ya tsaya kamar mai shawara kafin ya wuce, bututu na ƙugi. Daga nan ƙasar gefen sokawe ta daina bushewa ko da an kwana uku ba a yi ruwa ba, ciyawar wurin ta yi kore shar fiye da ta ko'ina. Baba ya ce, "Damana ta, bari ta wuce." Wani maƙwabci ya ce a zuba kananzir da baƙin mai, wai suna cinye ƙazanta. Aka zuba. Wari ya zama biyu.

Da muka kira wani tsohon magini, bai ko ɗaga murfi ba, ya taka ƙasar ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, rami bai da laifi, ƙasa ta ƙoshi." Ranar na san ashe ramuka biyu ne, kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne da aka shafe da siminti. A cikinsa mai nauyi ke kwantawa ƙasa, maiƙo ya taso sama, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su riƙa narkar da ƙazantar. Ruwan tsakiya kaɗai ke tsallakawa rami na biyu, shi ne sokawe na ainihi, wanda ake barin ƙofofi a jikin bulonsa don ƙasa ta tsotse ruwan ta tace shi. In aka shekara da shekaru ba a yashe tanki ba, laka sai ta tsallaka ta toshe ƙofofin nan, ta yi wa ƙasar kewaye wani baƙin dafe mai santsi. Daga nan ko ka kwashe yau, bayan 'yan makonni ka koma gidan jiya. Kananzir ɗin da muka zuba kuwa, ma'aikatan da ke mana aikin kyauta a cikin tanki ya kashe.

Mu a nan muna da ƙarin wata matsala. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun ya zama ƙasar noman rani, shinkafa ko'ina. Alheri ne, ba musu. To amma inda ake ban-ruwa rani da damina, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan matso sama, ƙasar fadama kuma laka ce, ba ta shan ruwa kamar jigawa. Sunan garin Birnin Tudu, amma gidanmu a gangare yake. A watan Agusta kana haƙa kaɗan za ka ga ruwa na tsattsafowa. To ramin da ruwa ya riga ya shigo masa ta ƙasa, ina zai kai wanda kake zuba masa ta sama?

Duk wannan ana iya haƙuri da shi. Abin da ya tayar mini da hankali rijiya ce. Ƙanwata mai shekara shida ta kwana tana gudawa, ido ya faɗa, sai da aka kai ta asibiti aka ɗora ta a kan ruwan gishiri da sukari kafin ta dawo hayyacinta. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye mu ruwan da muke sha. Da na dawo gida na auna tsakanin rijiyarmu da sokawe da ƙafa: taku goma sha ɗaya. Ƙa'idar da masana tsaftar muhalli suka fi bayarwa ita ce aƙalla mita 30, kuma gindin rami ya fi ruwan ƙarƙashin ƙasa tsawo da mita ɗaya da rabi. Ka auna na gidanku yau. In naku ya cika ƙa'ida, auna na maƙwabci, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba. Ka tuna a 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, mafi yawa a Arewa, har da Zamfara. Kuma ruwa yana iya zama garau a kofi alhali yana ɗauke da cuta.

Yanzu ga inda ya shafe mu matasa kai tsaye. In rami ya toshe, ba Baba ake turawa ba, kai ake kallo: "Kai mai ƙarfi, leƙa ka gani." Don Allah kar ka shiga. Iskar da ke taruwa a ciki tana iya sumar da mutum cikin 'yan daƙiƙoƙi, in ta yi yawa ma hanci daina jin warinta yake. Sau nawa muke jin labarin wanda ya shiga ciro waya, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, aka fito da gawa biyu? Kar kuma a haska da ashana ko a sha taba a bakin rami, akwai iskar da ke kama wuta. Murfin da ya tsage ma a kange shi, yara na tsalle a kai.

Mu dai ga yadda muka yi. Muka kira masu yasar masai suka kwashe tanki, Baba ya tsaya kai da fata sai sun kai can nesa da gari, ban da bakin magudanar ban-ruwa. Muka raba ruwan wanka da wanki daga bututun masai, domin shi ne ke cika rami da sauri. Aka sa bututun iska ya wuce rufin ɗaki, aka ɗaura masa raga saboda ƙuda da sauro. Inna ta kafa doka: ba leda, ba ƙunzugun yara, ba audugar mata, ba ruwan maiƙon tukunya. Tanki kuma a riƙa duba shi duk shekara, a yashe bayan shekara uku zuwa biyar, gwargwadon yawan mutanen gida. Mu goma sha huɗu ne, namu ba zai kai biyar ba.

Sabon sokawe kam sai rani, in ƙasa ta bushe, a can gefen da ya fi nisa da rijiya, kuma maginin ya ce mai faɗi za a yi, ba mai zurfi ba, a cika gefensa da tsakuwa. Kuɗinsa ya kusa cinye shinkafar da Baba ya ware don kuɗin makarantata, har yanzu muna ja-in-ja a kan wanne za a fara. Rijiyar mun bar ta ga wanki kawai. Ruwan sha daga burtsatse nake ɗaukowa a jarka kullum da safe, Inna ta tafasa, kuma hutuna saura kwana tara. Ƙanena da zai gaje ni ɗaukar jarkar bai kai sha biyu ba.