Mai Lasifika da Maɓallin Eko

Duk taron da ya amsa sunansa taro a Jega, wa'azi ne ko walimar saukar karatu ko gangamin 'yan siyasa, akwai mutumin da ke riga kowa isowa, kuma sai an watse yake fara naɗe wayoyinsa. Mai lasifika ke nan. Tun la'asar sakaliya ake sauke masa kaya daga amalanke ko Keke Napep: janareta, amfilifaya, miksa, makirfo biyu ko uku, da lasifikokin nan masu faɗin baki da za a ɗaure a kan gora ko a reshen dogon yaro. Yaransa na hawa suna sauka, shi kuma yana tsugune gaban akwati yana yi wa filin da babu kowa sallama, don ya ji yadda muryarsa za ta dawo masa.

Mazaunin garin ya taimaki sana'ar. Jega mahaɗa ce: hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Aliero ta shigo, ta wuce Maiyama ta nufi Koko da Yawuri, ga kuma reshen da ya tafi Birnin Kebbi. Mai kaya masu kyau yana iya kwana yau a wani ƙauyen Aliero, gobe a Andarai ko Mungadi. Aikin kuma yana da lokutansa. Azumi na tafsiri ne, Rabi'ul Awwal na Maulidi, aure ya fi yawa bayan kaka da bayan an kwashe albasa kuɗi sun shiga hannu, shekarar zaɓe kuwa ba a magana. Damina na kankama sai a lulluɓe kaya da tamfol a koma gona.

Tsofaffin hannu sun fi yarda da Ahuja ta Indiya da TOA ta Japan, saboda suna jure duka. Sauran kayan na Sin ne, daga kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano. Yaron da aka kawo koyon aiki yakan fara da dako da naɗin waya, daga nan ya koyi zuba wa janareta mai da liƙa wayar da ta tsinke da dalma. Abu na ƙarshe da maigida ke sakar masa shi ne maɓallin eko, kuma da dalili.

Eko amsa-kuwwa ce ta inji: na'ura ta riƙe sauti na ɗan lokaci, ta sake shi a bayan na asali. Maɓallai uku ke mulkinta. Ɗaya na tsawon jinkirin, ɗaya na yawan maimaicin, ɗaya na ƙarfin abin da aka maimaita. Jama'a na son ta ƙwarai. Da ƙyar za a yi taro ba a ji wani dattijo ya waiwayo ya ce, "Yaro, ƙaro muna eko," ko da kuwa ta riga ta yi yawa. Makarancin da ke jan madda eko na yi masa ado, domin tana cike gurbin da numfashinsa ya bari. Amma Hausa harshe ne da ke rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali, don haka idan mai wa'azi ko sanƙira mai saurin baki ne, maimaicin gaɓar farko sai ya faɗo a kan ta biyu, na bayan fili su ji amo ba su ji magana ba. A ganina yawancin masu sana'ar suna cika hannu, ba don rashin kunne ba, sai don mai biya ya fi ganin an yi masa aiki idan murya na ta kai da komowa.

Gwani yakan fara auna eko ɗin da wurin ya zo da ita. Sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa guda. Katangar da ke nesa da lasifika da mita 17 za ta maido da murya bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma daga nan kunne ke fara jin ta a matsayin murya ta biyu. A harabar makaranta mai dogayen azuzuwa, ko cikin masallaci mai daɓen tayil, ginin ya riga ya yi rabin aikin. A fili fetal na bakin gari kuwa, inda babu abin da zai tare sauti sai kara da yashi, nan ne inji ke da abin yi.

Jita baƙuwa ce a wannan yanki. Kunnen ƙasar Kabi da Zamfara da kotso da taushi da kalangu ya tashi, da muryoyin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Aliyu Ɗandawo, daga baya kiɗan fiyano na finafinan Kano ya mamaye wuraren biki. Inda ake cin karo da ita bai wuce coci ba, sai wurin wasu ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, sai kuma cikin wayoyin samari, inda kiɗan Buzayen Nijar ya daɗe da samun wurin zama. Mdou Moctar, wanda yau ke zagaya Turai da Amurka da jitarsa, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, kuma ta katin memori na waya waƙoƙin suka bazu kafin wani kamfani ya san da su. Saboda haka ranar da wani saurayi ya zo wa mai lasifika da jita a kafaɗa ya ce yana son sautin da, irin na tsofaffin faya-fayai, tambaya ce da ya kamata a iya amsawa.

Wancan sautin daga tef ya fito. A 1954, a situdiyon Sun da ke Memphis, Sam Phillips ya riƙa bi da sautin Elvis Presley da makaɗansa ta cikin rakoda ta biyu. Tazarar da ke tsakanin kan da ke ɗauka da kan da ke karantawa ita ke haifar da maimaici guda ɗaya, gajere, mai dawowa nan take. Daga baya aka ƙera akwatuna na musamman: Copicat da Charlie Watkins ya fitar a Landan a 1958, Echoplex a Amurka, Binson Echorec a Italiya mai amfani da faifan ƙarfe a madadin tef, sai Space Echo na kamfanin Roland a 1974, wanda Lee Perry ya wahalar a Jamaika. Abin da kunne ke so a cikinsu, in an bi diddigi, aibinsu ne. Kowane zagaye tef na cinye kaifin sautin, maimaici na biyu ya fi na farko dushewa, na uku ya fi na biyu. Injin da ke jan tef ɗin ma ba ya tafiya daidai, sai sautin ya riƙa ɗan rangaji. Wannan dushewar ce ke sa maimaicin ya koma bayan jitar ya zauna, bai yi gasa da ita ba.

To, a sayi na tef ɗin mana? Duk wanda ya taɓa riƙe rediyo mai kaset a hunturun Kabi ya san amsar. Ƙura na cin kan karatu, zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 na lalata robar da ke matse tef, shi kansa tef ɗin sai an yi odarsa daga waje. Ga maganar wuta: wanda aka yi wa kasuwar Amurka na son bolt 120, na Japan 100, namu kuwa 230 ne, in ji takarda, janareta kuma yana da nasa ra'ayin. Na'urar da ta haura shekara hamsin, mai tsadar da za ta sayi amfilifaya da lasifikoki, ba kayan ɗorawa a amalanke ba ce.

Mataki na gaba shi ne ƙananan akwatunan da ake takawa da ƙafa. A 1969 injiniyoyin Philips suka ƙirƙiro wani ɗan guntun lantarki da ke miƙa sauti daga ma'aji zuwa ma'aji, kamar mutanen da suka yi layi daga rijiya zuwa wurin gobara suna miƙa wa juna bokiti: ruwan zai isa, amma a makare, kuma ya ɗan zube a hanya. Guntun MN3005 na Panasonic matakai 4,096 gare shi. Da irinsa aka yi Memory Man a shekarun 1970 da Boss DM-2 a 1981, wanda iyakar jinkirinsa milisakan 300 ne. Carbon Copy na MXR, na 2008, ya kai 600. Waɗannan ba su da abin da ke juyawa, ƙura ba ta da wurin kamawa sai maɓallai, kuma maimaicinsu na dushewa kusan yadda na tef ke yi. Wanda ke da hali, nan ya kamata ya tsaya. Na dijital irin su DD-3, da ya fito a 1986, suna maido da sauti tas yadda ya shiga. Ga mai son tsafta alheri ne, ga mai neman sautin da kuwa sai ya rage kaifin da hannunsa.

Abin dariyar shi ne mai lasifika ya daɗe da mallakar rabin abin da saurayin ke nema bai sani ba. Cikin miksoci da amfilifayoyi masu araha da yawa, eko ɗin daga wani guntu take fitowa mai suna PT2399, na kamfanin Princeton Technology na Taiwan, wanda aka yi domin injinan waƙar nishaɗi na gida. Dijital ne, amma mai rauni: da an ja jinkirinsa ya wuce kusan sulusin daƙiƙa sai ya fara dushewa yana ƙazanta. Masu ƙera akwatunan jita a Turai da Amurka sun gano wannan raunin, suna sa guntun a cikin kayansu suna sayarwa da sunan sautin da.

Sai dai ba a cusa jita kai-tsaye cikin miksa a ga daidai. Jita mai maganaɗisu tana son mashiga mai juriyar kusan om miliyan ɗaya, mashigar miksa kuwa ba ta fi dubu goma zuwa ashirin ba, sai sautin ya fito siriri, a toshe. Akwatin Boss kusan ko wane iri ne, ko a kashe yake, yana gyara wannan in an sa shi a tsakani, muddin akwai batir a cikinsa. In akwai akwatin da ke sa jita gurnani, shi ke gaba, eko na biye. Ita kuma wuta, yawancinsu bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar filoginsu waya mai sanyi ce, akasin yawancin adaftocin da ke kasuwa. Adaftar rediyo ko ta dikoda na iya kashe akwati cikin ƙiftawar ido. Batir ya fi aminci a filin taro, domin gunjin janareta da jita ta tsinto, eko ba ta raba shi da kiɗa, tare take maimaita su.

Saitin kansa ba shi da wuya. Mai son irin na Memphis ya sa jinkiri tsakanin milisakan 80 da 140, maimaici ɗaya tak. Mai bin salon Buzayen Agadas, inda yatsu ke gudu a kan tsirkiya ba hutawa, gara ya rage ƙarfin maimaicin sosai, in ba haka ba ya faɗa ramin da mai wa'azi mai sauri ya faɗa. Kiɗa mai bugu 120 a minti kuwa kowane bugu milisakan 500 ne, sai a sa jinkirin a kan haka ko rabinsa, maimaicin ya riƙa sauka tare da ganga.

Wurin saye, ji ne ke korar gani. Fenti da suna ba sa nuna komai, jabu sun cika kasuwa, na gwanjo kuma wani ya sha ruwa a kwantena. A je da jitar da za a yi aiki da ita, a murɗa maɓallin maimaici har ƙarshe a ji ko sautin zai taru ya yi kuka, a girgiza wayar a bakin soket a ji ko tana ƙaras-ƙaras. Sannan a tambayi kai wa zai gyara in ya lalace. Manyan akwatunan zamani masu kwaikwayon tef da kwamfuta suna da daɗin ji, amma ranar da suka mutu sai Legas, in ma an dace. PT2399 kuwa ƙafa 16 gare shi, bolt 5 yake ci, kuma duk mai gyaran rediyon da ya iya riƙe ƙarfen dalma a kasuwar Jega zai cire shi daga matacciyar miksa ya dasa a wata kafin a kira magariba.