Motarka Ta Fara Tari Da Fizga? Duba Waɗannan Kafin Ka Bari A Sauke Inji

Duk direban a-kori-kura da ke jigilar tumatir da albasa daga Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan ya san wannan tashin hankali: ka yi lodi, ka hau gada, ka taka totur, sai mota ta shiga tari tana fizga kamar za ta mutu. Idan ta mutu a nan, ga kuɗin janwe, ga kayan gwari na lalacewa a rana. Wani bakanike kuwa da ya ji sai ya ce a sauke inji. Kada ka yi gaggawa. Sau da yawa matsalar ƙarama ce.

Injin fetur abu uku yake buƙata: mai, iska da wuta. Ɗaya ya gaza, sai ya fara tari. Abin lura shi ne yaushe yake yi.

Idan lafiya lau take a silo, amma sai an ɗora kaya ko an zo hawa take shaƙewa, fara da ɓangaren mai. Filtar mai ce ta farko, don ita ce mafi arha. Idan an canza ba ta daina ba, a gwada ƙarfin famfon mai. Tun da aka cire tallafi a 2023, da yawanmu na yawo da ɗan mai a gindin tanki, wanda hakan ke jawo dattin ƙasa ya toshe filta. Man bakin titi kuma wani lokaci da ruwa a ciki. Zuba kaɗan a farar kwalba ka ajiye. In akwai ruwa, zai kwanta a ƙasa.

Idan kuwa tana karkarwa tun a tsaye, to leƙa wuta. Kwance fulogi ka kalli bakinsa. Baƙi mai toka na nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a duba filtar iska da kafireta. Fari fat na nufin mai bai isa ba, ko iska na shiga ta wani tiyo da ya tsage. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, ga shuɗin hayaƙi a salansa, wannan kam ciwon na cikin inji ne.

Mu da ke Kudu muna da ƙarin matsala: damina mai tsawo da danshi. Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Hilux ta da suna da distiributa. Idan murfinta ya tsage, danshi ya shiga, mota za ta riƙa tari da safe ko bayan ka ratsa ruwa, ta ware idan ta yi zafi. Da dare ka buɗe bonet inji na aiki. In ka ga tartsatsi na tsalle daga wayoyin fulogi, sun gama aiki. Amma kada ka taɓa su da hannu.

Mai amfani da injekta, musamman ta bayan 1996 da aka shigo da ita daga Amurka, a sa mata na'urar gwaji ta faɗi inda ciwon yake. Mai dizal kuma ba ta da fulogin wuta, yawanci iska ko ruwa ne ya shiga layin mai.

Ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba, kana farawa da mai arha. Ka kuma karɓi tsohon kayan da aka cire. Kafin ka yarda a buɗe inji, a auna matsin kowace silinda a gabanka. Allah Ya tsare hanya.