Halin Ofis da Ɗa'ar Ma'aikatan Ilmi

Duk wanda ya taɓa kama aikin gwamnati ya san dokoki iri biyu yakan tarar a ofis. Akwai wadda ke rubuce cikin littafin ƙa'idojin aiki, akwai kuma wadda ba a rubuta ba, watau abin da ya ga na gaba da shi suna yi kullum. Sabon akawu ba ya cika wata guda sai ya gane wadda ta fi ƙarfi. In shugaba yana isowa ƙarfe takwas, kowa zai riga shi zuwa. In kuwa sai hantsi ya dubi ludayi yake shigowa, to za a ga rajistar sa hannu cike da ƙarfe takwas, alhali a lokacin masinja kaɗai ke wurin.

Wannan al'amari ya shafi kowace ma'aikata, amma ɓarnarsa ta fi yawa a ofisoshin ilmi. Mai karatu ya ɗauki misalin malami a gari kamar Zadawa, ko wani ƙauye na ƙasar Katagum mai nisa da Azare. Ƙarin girmansa, da canjin wurin aikinsa, da hutunsa, har allin da zai yi rubutu da shi, duka sai sun bi ta teburin wani a hedkwata. Idan fayil ɗinsa ya kwanta wata uku ba a taɓa ba, dole ya rufe aji ya hau mota ya bi sawu. Ranar nan yaransa sun yi asarar karatu, shi kuma ya koyi darasi, cewa barin aji ba wani abu ba ne. Lalacin da aka fara a kan tebur ya isa gaban allo ke nan.

Yana da kyau a tuna yadda aikin ya yi yawa farat ɗaya. A shekarar 1976 aka kafa Jihar Bauci, aka yi wa ƙananan hukumomi gyara, kuma a watan Satumba gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka sani da UPE. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai ga fiye da miliyan 3. Aka shiga horar da malamai cikin gaggawa, kuma a 1977 aka buɗe babbar kwalejin horon malamai a Azare, wadda yanzu take ɗauke da sunan Aminu Saleh. Shirin alheri ne babu shakka. Sai dai sababbin ma'aikata sun shigo da yawan da tsofaffin hannu ba su iya zaunar da kowa su koya masa ladabin aiki ba, masu duba makarantu kuma suka kasa zagaye su duka.

Sau biyu gwamnati ta gwada maganin tsoro. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya sallami ma'aikata sama da 10,000 bisa zargin rashawa da lalaci da makamantansu. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, har aka riƙa sa waɗanda suka makara tsallen kwaɗo a ƙofar ofis. Lalle mutane sun yi sammako a waɗannan lokatai. Amma da bulala ta kau, da yawa suka koma gidan jiya, domin tsoro yana kawo mutum ofis da wuri, ba ya sa shi buɗe fayil.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida wadda ba a cika faɗa ba, ita ce kunya. A gari irin Azare kowa ya san kowa. Wanda ya kamata a bai wa takardar tuhuma wataƙila ɗan maƙwabci ne, ko suruki, ko ɗan malamin da ya koya wa shugaban ofis karatu. Kafin tawada ta bushe dattawa sun iso da roƙo, a ce a yi haƙuri, yana da iyali. Zumunci abin yabo ne, amma in aka yafe wa mai uwa a gindin murhu aka hukunta maras kowa a kan laifi ɗaya, to sauran ma'aikata sun gane cewa abin nema shi ne ubangida, ba kyakkyawan aiki ba. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun bambanta laifuffuka. Yawan makara, da barci a bakin aiki, da jinkirta takarda da gangan, laifuffuka ne. Ƙin zuwa aiki ba da izini ba, da ɓoye fayil, da sauya abin da ke rubuce, manyan laifuffuka ne da kan kai ga kora. Haka kuma ba a hukunta ma'aikaci sai an rubuta masa laifinsa an ba shi damar kare kansa. Wannan tsari kariya ce ga shugaba mai kunya, don yana iya gaya wa masu roƙo cewa magana ta riga ta shiga rubuce.

Ofis ma da nasa bashin. Shugaban da albashin mutanensa ke makara, ko ƙarin girmansu ya daɗe bai fito ba, bakinsa kan yi nauyi in zai tsawata.

Bisa dokar ilmin bai ɗaya ta 2004, kowace jiha tana da hukumar ilmin firamare, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da ofishin ilmi ƙarƙashin Sakataren Ilmi. Iyayen da suka ga malami ya ɗauke ƙafa su fara da hedimasta da kwamitin kula da makaranta. In ba a ga canji ba, su rubuta wa Sakataren Ilmi, su sa kwanan wata da ranakun da aji ya zauna babu malami, su kuma ajiye kwafi a hannunsu.