Farar riga, baƙar fuska: yadda rana ke ɓata hoto a Garwa

Ranar Sallah a Garwa ta ƙasar Kamaru, in aka sauko daga idi mahaya suka nufo fadar Lamiɗo, wayoyin da ake ɗagawa sama sun fi dawakin yawa nesa ba kusa ba. Sai an koma gida ana duba abin da aka ɗauko ake jin tsaki. Babbar riga ta fito fari fat, ba a ganin aikin da ke wuyanta, fuskar mai ita ta yi duhu, dokin kuwa sai ka ce hayaƙi. Nan take a ɗora wa waya laifi, a ce ai ƙaramar Itel ce.

Galibi wayar ba ta da laifi. Garwa tana kusan digiri 9 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka da tsakar rana hasken daga saman ka yake sauka. Hula ta jefa inuwa a goshi, idanu su shige rami, ƙasan hanci ya yi baƙi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, wanda aka tsayar a rana ma runtse ido zai yi yana jiran a sallame shi. Hasken da ke yi wa fuska adalci shi ne na bayan fitowar rana da na bayan la'asar sakaliya, sa'ad da yake zuwa daga gefe. Na yamman ba ya jira: a wannan yanki rana na faɗuwa duhu ke rufowa, mai nawa sai ya tashi a tutar babu.

In dole sai da rana tsaka, a shiga da mutum inuwar darbejiya ko bakin zaure, ya fuskanci wajen da haske ke shigowa. Da irin wannan dabara Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hoto a Bamako a 1948, ya yi suna a duniya. A tsakar gida yake ɗaukar mutane da hasken Allah, kuma zanen gadonsa ne labulen farko da ya rataya a bayansu.

Batun farar riga kuwa yana da dalili. Kyamara ba ta san shadda ba, ba ta san fata ba. Auna hasken da ke gabanta take yi gaba ɗaya, ta nemi tsaka-tsaki. In fari ya cika hoton, sai ta rage haske, fuskar da dama ba ta kai rigar haske ba ta ƙara nutsewa. Haka ke faruwa ga mai ɗaukar tarin audugar da manoma ke kai wa kamfanin Sodecoton, ko wanda ya tsayar da abokinsa a kan gadar Binuwai, ruwa na ƙyalli a bayansa. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya daidaita kyamarorinsa domin baƙar fata, kuma hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. Duk da haka mai ɗauka na da nasa aikin: ya taɓa fuskar mutumin a gilashin waya kafin ya danna. A yawancin wayoyi wata alamar rana za ta bayyana, ya ja ta sama ko ƙasa har rigar da fuskar su daidaita.

Wani abin ma ba ya bukatar ilimi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu da maiƙon yatsa kan dusashe idon kyamara, hoto ya fito kamar an shafa masa man kaɗanya. Gefen riga mai laushi ya isa ya goge shi. Shi kansa hazon ba abin gudu ba ne ga mai ɗaukar fuska, don yana tausasa rana. Mai son duwatsun Rhumsiki su fito tangaram ne gara ya jira bayan ruwan sama.

Sai jawo hoto da yatsu biyu. Cikin 'yan kallon da suka je filin wasa na Roumdé Adjia ranar 11 ga Janairun 2022, da Najeriya ta doke Masar da ci ɗaya na Kelechi Iheanacho, duk wanda ya jawo ɗan wasa daga saman benci ɗigo-ɗigo ya samu. A mafi yawan wayoyi jawowar yanka hoton ce kawai a kumbura shi. Ƙafa ta fi yatsa: a matsa kusa, a durƙusa daidai tsayin yaro in yaro ake ɗauka, a manne gwiwar hannu a ƙirji don kada waya ta girgiza. A kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara, su ne za su hana kogi karkacewa kamar zai zube ta gefe guda. A kuma duba bayan mutum, kada turken lantarki ya tsiro masa a ka.

Shawarar matsawa kusa tana da iyaka. Dorinar Binuwai da ta tafkin Lagdo ba abar wasa ba ce, ta fi mutum gudu a tudu. A kasuwar Pitoa ta ranar Lahadi kuma, mai tallar nono ba ta fito don a ɗauke ta ba. Sallama da neman izini ne kan gaba, in ta ce a'a, a mayar da waya aljihu. Barikin soja da filin jirgin sama kuwa, ɗaukarsu a Kamaru na iya sa mutum ya wuni yana amsa tambayoyin jandarma, wayar tana kan teburinsu.