Tsofaffin hotunan gidanku: a tambayi iyaye tun suna raye

Mai karatu, in ka leƙa ƙarƙashin gadon mahaifiyarka ko cikin tsohuwar adakarta, da wuya ka rasa wani gwangwanin biskit ko ambulan da ya sha jiki, cike da hotuna. Namu ya fito ne lokacin da muke kwashe kayan Hajiyarmu a Agege za ta koma wani gida. Na ce mu zauna mu jera su daga na farko zuwa na ƙarshe. Aikin da na ɗauka na rabin awa ne sai da ya kai mu har bayan isha'i.

Mafi tsufa a ciki baƙi da fari ne. Yarinya ce 'yar shekara goma cikin kayan makaranta, ta ƙame kamar soja. Babu kwanan wata a bayansa, amma Hajiya ta ce shekarar da aka fara karatun firamare kyauta ne, wato UPE ta 1976. Da haka muka gano shekarun haihuwarta fiye da yadda takardar rantsuwar kotu ta nuna. A damtsenta na hagu akwai tabon lamba, wanda har yau yana nan. Ta ce na agana ne, cutar da aka yi shelar kawar da ita daga duniya a 1980. 'Ya'yanmu ba su ma san sunanta ba.

Daga nan sai hoton aure, an ɗauka a situdiyo gaban labule mai zanen bene, sai na suna, sai na dawowa daga aikin Hajji da haƙorin Makka yana ƙyalli. Waɗannan mun wuce su da dariya. Inda na tsaya shi ne kan mutanen da ke gefe, don idon mai harhaɗa magunguna ba ya hutawa ko a gida.

Kakata tana cikin hotuna uku, kuma a duka ukun akwai kumburi a wuyanta da mayafi bai ɓoye ba. Maƙoƙo ne, wanda galibi ƙarancin sinadarin ayodin ke kawowa, shi ya sa ake zuba shi a gishirin da muke saye yanzu. Akwai kuma wani kawuna, ƙaƙƙarfan mutum mai fataucin goro, da ke tsaye a kowane taro, sai a wani hoton na gan shi zaune, hannu ɗaya a kan cinya, baki ya ɗan karkace. Na ce, “Hajiya, me ya same shi?” Ta ce, “Jifa aka ce an yi masa a kasuwa.” Bai kai hamsin ba ya rasu. Ni dai abin da na gani shanyewar ɓarin jiki ne, kuma babban mai jawo ta hawan jini ne. Hajiya na shan maganin hawan jini, yayarta ma haka. Ke nan mutum uku cikin ɗaki ɗaya. Duk wanda ya fito daga irin wannan gida bai kamata ya jira ciwon kai kafin ya auna jininsa ba, domin hawan jini kan daɗe bai nuna alama ba. In awo ya yi ta kaiwa 140/90 ko sama, a ga likita.

Hoton da ya fi taɓa ni na wani yaro ne. Yana kan cinyar Hajiya a hoto ɗaya, yana tsaye riƙe da kujera a na biyu, daga nan babu shi. Na san an yi wani kafin yayata, amma ɗan fari ne, kuma ka san alkunyar iyayenmu: ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, “Kullum hannuwansa da ƙafafunsa a kumbure, idonsa rawaya, ga kuka dare da rana. Aka ce amosani ne.” Ya rasu yana da shekara uku.

Ba zan iya yanke hukunci daga hoto ba, babu ma'aikacin lafiyar da zai iya. Amma waɗannan alamu sun yi kama da na sikila, ni kuma gwajina AS ne. In uwa da uba duka AS ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Washegari na kira ƙannena biyu da ba su yi aure ba, na ce kowa ya je ya yi gwajin jini tun kafin maganar aure ta yi nisa.

A kantin magani nakan tambayi mutum ko akwai mai ciwon suga ko hawan jini a danginsu, ya ce “babu” nan take. Sau da yawa ba ƙarya yake yi ba, ba a taɓa gaya masa ba ne. Tsoho ba zai zauna ya lissafa maka cututtukan zuriya ba, amma miƙa masa hoto ka ce “wane ne wannan?”, sai labari ya ɓalle. Kada ka yi masa tambayar 'yan sanda. In ya yi shiru a kan wani hoto, ka bar shi, wata rana a dawo.

Ka rubuta suna da shekara a bayan kowane hoto da fensir, don tawadar biro kan huda takarda. Ka ɗauke su da waya ka tura wa 'yan'uwa, domin laimar Legas ta riga ta cinye mana fuskoki biyar. Abin da ka ji game da rashin lafiya kuwa, wa ya yi, yana da shekara nawa, me ya yi ajalinsa, ka rubuta a takarda daban, ka tafi da ita ranar da za ka ga likita.

Hoton yaron nan Hajiya ba ta mayar da shi gwangwani ba. Da na zo rubuta suna a bayansa, sai ta karɓi fensirin ta rubuta da kanta, da ajami.