GUGA, BUGU DA INJIN SANTSI: KALMA ƊAYA, MA'ANA DA YAWA

 

Zancenmu na yau daga Kurni ya fito, a ƙasar Matamaye, jihar Damagaram. Wani manomi da bai daɗe da iya karatu ba ya sami ƴar takarda daga ƙanensa da ke zaune a birni. Abin da aka rubuta kaɗan ne: "Yaya, ka aiko mini da kuɗin guga." Sai ya tsaya yana tunani. Wane guga? Na ɗebo ruwa a rijiya, ko kuwa ladan mai wanki da guga? Ya karanta daidai, bai ɓata harafi ko ɗaya ba, amma ma'ana ta ƙi fita. To, wannan ba laifinsa ba ne. Bari mu warware.

Da farko akwai guga na rijiya. A dā da fata ake yin sa, daga baya aka koma yin sa da roba. Shi ne na karin maganar nan: rijiya ta bayar, guga ya hana. Na biyu akwai guga ta tufafi, wadda ta fito daga "goga". A baki ba su rikita kowa, don murya ta raba su. Amma a takarda haruffansu huɗu ne, iri ɗaya. Abin da zai taimake ku shi ne maƙwabtan kalmar. In kun ga "gugan ruwa", na rijiya ne. In kun ga "dutsen guga", na tufafi ne. In kuwa aka ce wane yana "gugar zana", babu ruwa, babu riga, habaici yake yi. Daga wannan tushe ne kuma muka sami "gogagge", wato wanda aiki ya goge shi har ya ƙware.

Tun kafin dutsen guga na gawayi ya zo mana, Bahaushe yana da dabararsa ta sa tufa santsi, ita ce bugu. Ana kafa gungumen icce mai santsi a ƙasa, a yayyafa wa tufa ruwa, a ninke ta, a shimfiɗa a kai. Masu bugu su zauna suna fuskantar juna, kowa da mabuginsa mai nauyi, wannan ya sauke, wancan ya ɗaga, har zare ya kwanta, tufa ta ɗauki ƙyalli. A Kura, kusa da Kano, ana haɗawa da garin shuni a wajen bugun, shi ya sa turkuɗi da rawani ɗan Kura suke walƙiya. Fatake sun daɗe suna bi da su ta Damagaram zuwa Agadas, inda Abzinawa ke sayen su da daraja. Baturen nan Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin Kano suke kaiwa ƙasashe masu nisa.

Ita ma kalmar bugu ba ma'ana ɗaya gare ta ba. Akwai bugun duka, akwai bugun zuciya, akwai bugun waya. In kun duba bangon littafi kuka ga "bugu na biyu", ba a doki kowa ba, an sake buga littafin ne a maɗaba'a. Mai magana kuma yakan ce "bugu da ƙari" in zai ƙara wani batu.

Yanzu mu zo ga inji. A manyan masana'antu ba a zama da mabugi. Akwai wani inji mai manyan ƙarafa mulmulallu, kamar turame a kwance, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa. Akan ɗumama su, a matse su ƙwarai, sa'an nan yadi ya bi ta tsakaninsu ya fito sumul. Ƙyallin sabuwar shadda, irin wadda ake saƙawa a Ostiriya da Jamus, da irin wannan matsa ake samun sa. Shi ya sa in an rina shadda ko an wanke ta, sai a kai ta gidan bugu don ƙyallin ya dawo.

Takarda ma haka ake yi mata. Asalinta zare-zaren icce ne da aka dama da ruwa. In ta bushe ba a matse ta ba, sai ta yi kaushi, alƙalami ya riƙa tuntuɓe. Marubutan dā a ƙasashen Larabawa da Farisa sukan goge kowace takarda da dutse mai santsi kafin su yi rubutu. A 1799 wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya sami takardar shaidar ƙirƙiro injin da ke yin takarda doguwa ba yankewa. Yau a ƙarshen irin waɗannan injuna ne ake kafa ƙarafan matsa. Ku shafa shafin littafinku: santsin da kuka ji, aikinsu ne.

Da Faransanci sunan wannan inji "calandre". To, ku ji abin mamaki: su ma Faransawa suna fama da irin matsalar manomin Kurni. A bakin makaniki, wannan kalma tana nufin ragar gaban mota, inda iska ke shiga ta sanyaya inji. A bakin manomi, ƙwaro ne mai cin hatsi a rumbu. Kuma sunan wani ɗan tsuntsu ne na ƙasashen bakin Bahar Rum. Kada ku haɗa ta da "kalanda" da muke ratayewa a bango don ƙirgen kwanaki. Kamar sauti ce kawai, ba aiki ɗaya ba.

Ashe dai mai guga, da mai bugu, da injin masana'anta, aiki ɗaya suke yi: danshi, da nauyi, wani lokaci da zafi, har zare ya kwanta. Sunayen ne suke da ƴan uwa da yawa.

Saboda haka, ga shawara biyu. Mai karatu, kada ka yanke wa kalma hukunci sai ka kai ƙarshen magana. Mai rubutu kuwa, ka tuna wanda zai karanta ba ya jin muryarka. Da ƙanen nan ya rubuta "kuɗin gugar rigunana", da yayansa bai sha wahala ba.

Aikin wannan mako: kowa ya rubuta magana biyu da "guga", biyu da "bugu", kowace da ma'anarta dabam, ya kai wa malaminsa ya duba.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.